Romon Zakaran Inna

Ko zan ga jikokin jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ciyar da Sunita romon zakara ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na ji ƙamshin miyar kaza sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Sunita 'yar Indiya ce. Mijinta na gyara wa masu noman rani injinan ban ruwa a Goronyo, ita kuma ta daɗe a nan har Hausa ta zauna a bakinta. A asibitin da nake aiki muka saba, inda ni ce mai tara iyaye mata ina yi musu bayanin abinci mai gina jiki (da allona da hotunan wake da ƙwai, kai ka ce wata babbar likita). Da ciwon suga ya kama Innata, Sunita ce ta koya mini dahuwar wake irin tasu: a jiƙa, a surfe, a dafa ya yi lugub da kurkum da citta da tafarnuwa, a soya albasa a zuba a kai. Ta ce a rage tuwon shinkafa, a yawaita zogale. Inna ta ji daɗin jikinta, ta ce lallai in kawo mata baiwar Allahn nan gida Wurno ta yi mata godiya.

Na san sarai Sunita ba ta cin nama. Ba kifi, ba ƙwai. Tun da aka haife ta haka take, abu ne na addininta, kuma ta gaya mini ba sau ɗaya ba. Amma ranar da za ta zo, da safe, sai na tarar Inna ta sa an yanka jan zakaranta, wanda ko da Sallah ta hana a taɓa. Yaya zan ce wa tsohuwa baƙuwarta ba za ta ci ba? A wurinmu in ba a yi wa baƙo yanka ba, ba a girmama shi ba.

Sai wayona ya ba ni shawara. Na dafa zakaran, na tsame naman kaf na rufe a langa, na tace romon da rariya, na kaɗa miyar kuka da shi. Inna kuwa na ce mata Indiyawa ba sa cin nama a gaban mutane, za a ƙulle mata ta tafi da shi (ƙarya ta farko ke nan). A raina na ce ai romo ruwa ne, ina naman yake?

Da azahar muka zauna a tabarma, ga tuwon dawa na tururi. Sunita ta wanke hannu, ta dube ni.

"Babu nama ko?"

"Ko kaɗan," na ce. "Kuka ce da daddawa."

Ta ci, ta ƙara, ta ce ba ta taɓa shan miya mai daɗin wannan ba, sai na koya mata. Ni kuma ina ta washe baki, kaina na kumbura. Inna ta ji daɗi ita ma, ta matso.

"Ci ki ƙoshi, ɗiyata. Zakarana na, da kaina nas sa anka yanka maki shi. Romonai na kika jin daɗinai."

Hannun Sunita ya tsaya da loma. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ma ta yi. Ta ajiye lomar, ta ɗauki buta ta zagaya baya. Muna jin tana kurkure baki. Da ta dawo idanunta sun yi ja.

"Shekara arba'in da biyu ban taɓa ba," ta ce a hankali. "Da kin gaya mini gaskiya, ruwa ma ya ishe ni."

"Mi ya faru?" in ji Inna.

Na faɗa mata, kaina a ƙasa.

"Kin sani tun farko?"

"Na sani, Inna."

"Ke, in anka dahwa alade, anka tsame naman anka miƙo maki romon, sha kike yi?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake koya wa mata abin da za su sa a tukunya, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ce ta gane abin da na yi. Inna ta tashi da ciwon gwiwarta, ta ɗauko sabuwar ƙwarya, ta dama fura da hannunta, ta durƙusa ta miƙa wa baƙuwarta tana ba ta haƙuri. Sunita ta karɓa ta sha, don Inna. Naman zakaran babu wanda ya iya ci a gidanmu, maƙwabta muka aika wa.

Sunita ta yafe mini, har yau tana zuwa Wurno. Sai dai in an kawo abinci ba ni take tambaya ba, Inna take kallo. Sai Inna ta ce, "Ni nad dahwa," sannan ta sa hannu. Ni kuwa na koyi abin da babu shi a allona: rariya na tace nama, amma ba ta tace ƙarya.