Ganyen da Ba a Miya da Shi

Matso kusa, gyara zama, ka ji yadda wata tsohuwa ta kusa tsinka wa jikanta zuciya.

A bayan gidanta akwai ɗan fili inda wani mai gyaran batir ya daɗe yana fasa tsofaffin batura. Da ya tashi, jikan nata, wanda aikinsa gwajin ƙasa ne, ya auna wurin ya tarar da wata gubar ƙarfe da ake kira kadmiyom. Sai ya shuka ganyen da ke zuƙe ta, ya ja kunnen kakar kada kowa ya ci. Matsalar ita ce ganyen shar yake, sak alayyafo.

Ran nan ya yi sallama, ya leƙa baya, ya ga fili ƙwal. Ga tukunya na tafasa a kicin.

"Maraba da mijin da ba ya cefane," in ji ta.

"Tsohuwa, ina ganyena?"

"Ko gaisuwa babu? Wanke hannu, miya ta kusa. 'Ya'yan yayarka tun ɗazu suke lasar ludayi."

Ya tuna mata gargaɗinsa, ta ce kunnenta ya tsufa.

"Kuma in guba ya sha, me ya hana shi mutuwa? Kullum ƙara kyau yake, ya fi ka ƙiba, kai da wuya kamar mariƙin lema."

Ya hau bayani. Saiwa ce ke jan gubar tare da ruwa, ganyen kuma ya haɗa wani sinadari ya ɗaure ta tamau, ya tura ta wani ɗan ɗaki a cikin ƙwayoyin jikinsa ya rufe. Shi ya tsira ke nan. Amma wanda ya ci shi ya haɗiye har da abin da ke ɗakin, kuma dahuwa ba ta kashe ƙarfe. A ƙoda yake taruwa, a hankali ya riƙa cin ƙashi.

"Ƙashina? Nawa ya rage?"

"Ke ai an gama da ke, mai haƙori biyu. Yaran nake ji."

"Au, ni in mutu ka auri yarinya ko?"

Da ta ga ya zaro waya yana neman lambar likita, sai ta bar wasan. Ta kwance makulli daga bakin zani ta miƙa masa.

A ɗakin ajiya ya tarar da ganyen duka, har saiwa, ɗaure cikin buhuna. Ashe matan maƙwabta ne suka dame ta da roƙo ta saman katanga, tana hanawa suna ce mata marowaciya, har wata ta fara zura hannu. Shi ne ta tumɓuke shi ta kulle. Na cikin tukunya kuwa daga kasuwa ta saya.

Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da ƙwalla.

"Na bi, uwargida. Daga yau cefanenki a wuyana yake."

"Wannan wuyan? Kwashe buhunanka dai ka kai inda kuke kaiwa, ka dawo ka ci abinci."

Ya dawo, ya ci. Amma sai da ya sa cokali ya ɗago ganyen ya ƙare masa kallo, tana hararar sa. To kai fa, da kai ne, za ka kai loma ba ka duba ba?