Shafin Da Na Goge Da Kaset Ɗin Goggo Dije

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, ta biyu bayan ƙaramar sallah, ƙarfe goma da kwata na safe, a wani ajin makaranta da aka ara mana a Gumel. Mu goma sha ɗaya ne a ciki. Takwas daga cikinsu na san su. Sauran biyun da ke zaune can baya kusa da taga, wani dattijo mai tabarau da buhu a gindin ƙafarsa da wata tsohuwa da ta rungume ƙullin zane, ban san su ba, ban kuma tambaya ba. (Ku riƙe wannan rashin tambayar, halina ne.)

Bari in ɗan koma baya. Shekara talatin da ɗoriya na yi a gidan rediyo, yawancinsu a teburin tace labarai. Aikina yanka ne. A kawo mini rahoton minti biyar in mayar da shi minti ɗaya da rabi, mai rahoton ya saurara ya kasa gane abin da aka cire. Labarin jiya ba ya kwana a teburina. Da na yi ritaya na dawo gida, sai na rasa abin yankawa, har ta kai in ana jawabi a wurin ɗaurin aure ina zaune ina tace shi a zuci.

Malama Rabi ce ta ceto ni. 'Yar wani abokina ce, tana koyar da kwamfuta, ita ke jagorantar 'yan sa-kai da ke rubuta littafin jagora na Hausa na wata manhajar kunna sauti da bidiyo. Manhajar kyauta ce, ba ta wani kamfani ba ce, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suke gina ta. Littafin jagorar ma haka yake a intanet: kowa na iya ƙara shafi, kowa na iya gyarawa. Sharaɗi ɗaya ne. Duk gyaran da ka yi ana ajiye shi da sunanka, tare da ɗan layin da ka rubuta na dalili. Ta yi mini wannan bayanin sarai. Na gyaɗa kai irin na wanda ya ji.

Ta ce, "Baba, littafin nan ya tara tsofaffin abubuwa. Akwai bayanan da suka shafi zubin manhajar da aka daina amfani da shi tun tuni. Ka duba mana, wanda ya tsufa ka cire."

An ba mai yanka wuƙa. Cikin mako biyu na share shafuka da dama, kuma in faɗi gaskiya yawancinsu sun cancanci sharewa. Sai na iso wani shafi mai suna "Yadda ake ɗauko murya daga kaset zuwa kwamfuta". Babu waƙafi, babu aya, ƙa'idar rubutu ko gaisawa ba a yi da ita ba. Ga yadda ya fara: "Ka ajiye kaset a inuwa ya huce. Ka sa biro a ramin ka juya a hankali in ka ji ya cije ka bari. Kar ka ce bari ka gwada ka ji wani kaset sau ɗaya ya rage masa." Daga nan sai jerin lambobi da wuraren da za a latsa a wani tsohon zubin manhajar. A ƙarshe kuma aka rufe da cewa, "In mai kaset ya fara kuka kar ka tsayar."

Na yi dariya ni kaɗai. Na goge shafin. A wurin dalili na rubuta: "An cire tarkace. Babu mai rai da ke amfani da wannan." Har na tsaya na sake karanta layin, ina jin daɗin yadda ya zauna.

To, ranar Asabar ɗin taronmu ne na wata-wata, kuma ni aka ba dama in bayyana aikin da na yi. Na miƙe da takarduna. Na kwafo shafin kaset ɗin a takarda tun kafin in goge shi, amma rabin zancen kawai, ban da lambobin, don abin dariyar nake so. Na gyara murya, na sa irin wadda nake karanta labaran duniya da ita, na ce, "Jama'a, ku saurari irin abin da muka tarar a littafin da ake karantawa a ko'ina." Na karanto musu zancen inuwa da biro, ina tsayawa a inda ya kamata mai sauraro ya dara. Mutum biyu ko uku suka dara. Na zo layin ƙarshe, na ja numfashi, na ce, "In mai kaset ya fara kuka..."

Daga can bayan aji wata murya ta ƙarasa, "...kar ka tsayar."

Dattijon mai tabarau ne. Ya miƙe a hankali, ya yi sallama, ya gaida jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar ba shi da gaggawa. Ya ce sunansa Sabo, gyaran rediyo yake yi a Maigatari, yana cikin zauren 'yan sa-kai na waya amma bai taɓa zuwa taro ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na tsaya. Amma ka karanta shi da daɗi, wallahi ban san haka yake da daɗi ba."

(Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.)

Ya ci gaba da bayani. Shekarun baya, mutanen karkara da ba su iya rubutu ba, idan sun yi nisa da gida, kaset suke cikawa da magana su ba direba ko ɗan kasuwa ya kai. Har yau irin waɗannan kaset ɗin suna nan a ƙasan akwatuna da cikin ƙwarya. Shi kuma yana da wata tsohuwar kwamfuta da ba ta ɗaukar sabon zubin manhajar, da ita yake kwashe muryoyin ya zuba wa mutane a waya. Lambobin saitin ya daɗe yana gwadawa kafin ya dace, ya rubuta su a littafi, gara ta cinye littafin. Da ya sake haɗa su sai ya sa a intanet.

Ya ce, "An ce mini can abu ba ya ɓata. Shekaranjiya ranar kasuwa Goggo Dije ta zo mini daga rugarsu, can gaba da Sule Tankarkar. Na zaunar da ita, na buɗe shafin, babu shi. Na ce ko idona ne. Na goge tabarau, babu shi."

Malama Rabi ta ce, "Malam Sabo, ba ka tuna lambobin da ka?"

"Ina tuna wasu, 'yata. Amma wannan kaset ɗin ba na gwaji ba ne. Rikoda ta taɓa tauna shi, zaren ya yi laushi. In na kunna shi saitin bai yi daidai ba, ba lallai ya ba ni karo na biyu ba. Kuma jibi za su tashi da shanu."

Tsohuwar nan mai ƙullin zane ita ce Goggo Dije. Ta dai ƙara matse ƙullin zanen a ƙirjinta. Daga baya muka ji cewa mijinta ne ya aiko da kaset ɗin daga Kurmi, inda ya kai shanu, kuma a can ya rasu bai dawo ba. Tun ranar da rikoda ta tauna zaren ba ta ƙara barin kowa ya kunna shi ba. Jikokinta ba su san muryarsa ba.

Malama Rabi ta ce kada kowa ya damu, babu abin da ke ɓata, bari ta buɗe tarihin gyare-gyare a ga wanda ya cire da dalilinsa. Na buɗe baki in ce ba sai an duba ba, amma ta riga ta latsa. Kwamfutarta a haɗe take da majigi. Sai ga shi a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu: sunana cikakke, da layin nan nawa mai kyan zama.

Malam Sabo ya matso, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, irin karatun mai aji huɗu. "Ba-bu mai rai da ke am-fa-ni da wan-nan." Ya juyo ya dube ni, ya dubi Goggo Dije, ya ce, "To, Malam, ga mu nan dai mu biyu. Da sauran numfashinmu."

Ajin ya fashe da dariya, ta gaske wannan karon, ba irin wadda na roƙa ɗazu ba. Ni da na shekara talatin ban taɓa rasa kalma a gaban makirfo ba, abin da ya fito daga bakina shi ne, "E... to... wato..." Na zauna a kan bencin ɗalibai, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata.

Latsawa biyu Malama Rabi ta yi, shafin ya dawo yadda yake, har da rashin waƙafinsa. Wannan kaɗai ya ba ni mamaki. A zamaninmu abin da ka yanke daga zare ya faɗi ƙasa, mai shara ya tafi da shi. Amma mamakin gaske yana gaba.

Malam Sabo ya kwance buhunsa. Ashe da kayan aikinsa ya shigo mota: kwamfutar, da wata rikoda da aka ɗaure murfinta da roba, da waya mai baki biyu. Ya jona su. Ya dangwali sifirit da auduga ya goge inda zaren ke bi. Ya karɓi kaset ɗin daga hannun Goggo Dije da hannu biyu, ya ajiye shi a inuwar tebur. Muka jira. Babu wanda ya yi dariyar inuwa yanzu. Ya sa biro ya juya, kunnensa a jikin kaset ɗin, ya tsaya, ya koma baya kaɗan, ya sake juyawa. Sannan ya duba bango ya shigar da lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi bisimilla, ya danna.

Da farko shuuu kawai ake ji. Sai carar zakara. Sai tari. Sai wani mutum ya yi sallama, da murya mai kauri, kusa ƙwarai, kamar a bencin gaba yake.

Goggo Dije ta amsa sallamar.

Ya fara gaisuwa, yana haɗa Fulatanci da Hausa. Ya gaida yayyensa da sunayensu, ya gaida maƙwabta, ya tambayi ruwan rijiya, ya tambayi shanun da ya bari kowace da sunanta, har da wata da ya ce a riƙa duba ƙafarta ta baya. Duk tambayar da ya yi, tsohuwar tana amsawa a hankali, "Jam. Jam," wato lafiya. Hawaye na zuba, muryarta tana ƙara ƙarfi.

A nan na ƙara tafka ta biyu. Hannuna ya tashi da kansa, na yi mata alamar nan ta ɗakin watsa shirye-shirye, wadda ke nufin a yi shiru ana ɗauka. Malam Sabo ya kama hannun ya sauke shi a kan benci, bai ko dube ni ba.

Ya ce a hankali, "Bar ta, Malam. Ta waya yake shiga, ba ta iska ba."

Mutumin ya ambaci kowa, bai ambaci matarsa ba, kamar yadda ita ma tun da ta zo ba ta kama sunansa ba. Sai can dab da ƙarshe ya ce, "Ke kuma, kin dai ji." Ya yi shiru. Zaren na tafiya, ana jin numfashinsa da kukan wata saniya daga nesa. Na saba ƙirga daƙiƙa ba tare da agogo ba: shirun nan ya kai goma sha biyu. Da a teburina aka kawo shi, shi zan fara yankewa. A cikin shirun nan ne Goggo Dije ta ce, "Na ji," ta ƙara da wata magana da Fulatanci wadda babu wanda ya nemi a fassara masa. Sannan mutumin ya yi sallama, rikoda ta yi ƙas.

Malam Sabo ya ciro kaset ɗin ya ɗaga shi a haske. Zaren ya tsinke daidai bakin ƙarshe. Ya juya ga kwamfuta ya kunna abin da ta ɗauka, sai ga carar zakara, ga tari, ga sallama. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Goggo, yanzu ko sau dubu kike so."

Na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ba ta san laifin da na yi ba, ta ɗauka ni ne shugaban wurin, ta yi ta sa mini albarka. (Wannan ma wani horon ne.)

Abin da na koya ba shi da yawa. Na iya gane abin da ya tsufa, wannan ba a fi ni ba. Abin da ban iya ba shi ne tambayar ko akwai wanda ke jingine da shi. Yanzu kafin in cire ko layi ɗaya sai na rubuta a zaure na jira mako guda, kuma Maigatari nake fara saurare.

Shafin yana nan, an mayar da shi sashen masu tsofaffin kwamfutoci. Na nemi izinin Malam Sabo na sa masa waƙafi da aya, ban taɓa kalma ko ɗaya ba. Layina kuwa na roƙi Malama Rabi ta goge shi daga tarihin, ta ce, "Baba, ai na gaya maka, can ba a gogewa." Yana nan da sunana, duk wanda ya buɗe zai gani. A ƙarƙashinsa akwai nata layin, na ranar da ta dawo da shafin: "An mayar. Masu amfani da shi suna da rai."