Fayafaina Biyar na Kirsimeti

Ba zan taɓa mantawa ba da Kirsimetin farko da muka yi a Tambuwal. Ko na so in manta ma, matan layinmu ba za su bar ni ba.

Wata huɗu ke nan da aka yi wa maigidana, Baban Rahila, canjin wurin aiki daga Zuru, muka kama haya a layin da mu kaɗai ne Kirista. Rahila tana wata bakwai a lokacin. Ni kuwa Allah ya yi ni da zullumi (yarinya ta yi atishawa sau biyu, na fara neman katin asibiti). To tun da Disamba ta kama, abu ɗaya ya tsaya mini a rai, abincin maƙwabta. A gida mamata ce take rabo, nawa ɗauka ne kawai. Yanzu ni ce matar gida. Za su karɓa? In sun karɓa, za su ci, ko kaji za a juye wa, a wanko mini kwanona da "an gode"?

Baban Rahila ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya roƙi Malam Bello, limamin masallacin layinmu, shi zai yanka mana kajin, don kowa ya ci babu shakka. Na ji daɗin wannan. Amma ni ina son wani abu kuma, abin da za a gani a ce lallai matar nan tana da hannu.

Katanga ɗaya ta raba mu da Inna Ige, uwar mai gidan da muke haya, tsohuwa mutuniyar Kebbe. Kullum da hantsi tana gindin darbejiya tana saƙar faifai, ciyawa a ciki, kaba a waje, basilla tana shiga tana fita kamar da kanta take tafiya. Na ce ta koya mini, ina son in rufe abincin Kirsimeti da faifan da na saƙa da hannuna. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wanga aiki ba shi son gaugawa." Na ce ai ni ba ni da gaggawa (Allah ya gafarta mini).

Na ga yadda take rina kabarta. Ta dafa ta cikin galura da gishiri a wata tsohuwar tukunya, ta yi ta ɗauraya har ruwa ya fito garau, ta shanya, sannan ta saƙa. Da idona na gani, ba sau ɗaya ba. Ni dai farar kaba ta ba ni, ta ce ɗan koyo ba ya ɓata rinanniya.

Sati uku ina fama. Faifan farko ya lanƙwashe ya zama kamar malafa, Baban Rahila ya kifa a kansa yana yawo da shi a tsakar gida. Basilla ta huda mini yatsu har ba na iya taɓa barkono. Amma saura kwana uku Kirsimeti ina da fayafai biyar, shimfiɗaɗɗu, masu kyau. Na jera su a kan tabarma ina kallo, sai na ga sun yi fari fat, babu alamar biki a jikinsu. Ni tauraro nake so a tsakiya, irin wanda ya kai masanan gabas Baitalami. Lokacin sake saƙa kuma babu.

Nan dabara ta zo mini, har na yi tsalle. Me zai hana in zana? Na sayo galura ja da kore, na dama a gwangwanin madara, na samo gashin kaza. Jan tauraro a tsakiya, kore a gefe. Da na ga ya yi kyau sai na juya na zana bayan ma (kada ku tambaye ni wa zai kalli bayan faifai). Rana ta busar da su. Baban Rahila ya ce kamar na sayarwa. Inna kuwa na ɓoye mata, wai ina son in ba ta mamaki.

Ranar Kirsimeti a coci, Zumuntar Mata suna kiɗan tulu suna waƙa, ina rawa kamar ni aka haifa wa jaririn. Wa'azin fasto kuwa, gaskiya ban san inda ya dosa ba, hankalina yana kan tukunya. Muna dawowa na dafa farar shinkafa, ta yi warawara, miyar kaji a ƙananan kwanuka daban. Na zuba shinkafar a langa biyar tana tururi, na ture murafansu gefe, na kifa fayafaina a kai. Na goya Rahila, na gyara ɗaurin sabon zanena, na ɗauki tire.

Gidan Malam na fara kaiwa, can ƙarshen layi. Matarsa Hajiya Luba ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Ke kika saƙa wanga? Tubarkalla." Gida uku na gaba ma haka, kowa faifan yake yabo. Ina tafe ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na bar Inna a ƙarshe, don ita ce malamata.

Na same ta da surukarta da baƙi mata biyu da suka zo daga Kebbe. Na durƙusa na ajiye. Inna ta ɗaga faifan don ta duba saƙar, sai ta tsaya tana kallon yatsunta. Sun yi ja. Ta leƙa langar. Ni ma na leƙa.

Tururi ya jiƙa galurar ta ɗiga kan shinkafa. Tsakiya ja jawur, gefe kore shar, inda suka haɗu kuma wani launi ne da ban san sunansa ba, kamar ruwan kwata.

"Maman Rahila," in ji Inna, a hankali, "kin dafa kabar?"

"A'a Inna. Shafawa na yi."

"Da mi?"

"Da gashin kaza."

Ɗaya baƙuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Inna ba ta yi dariya ba, wannan ya fi kashe ni. Ta ce, "Gida nawa anka kai?"

"Huɗu."

"To mi kike jira? Galura ba abinci ba ta."

Jama'a, na yi gudu. Sabon zane, takalmi mai tsini, goyo a baya. Rahila ta ɗauka wasa ne, tana ta ƙyalƙyala dariya. Gida biyu ba su buɗe ba tukuna, na fizge langar ba bayani. Gida na uku na same su sun zagaye ta suna kallo kamar an kawo gawa. Na kwashe. Duk hanya ina addu'a, Ya Yesu, kada wani ya ci, kada a ce matar nan ta sa wa gidan liman guba ranar bikinsu.

Na faɗa gidan Malam ko sallama ban gama ba. Hajiya Luba tana zaune a kan tabarma, langa a buɗe, cokali a ciki.

"Madalla da kika dawo," ta ce. "Malam ya ce a tambaye ki, wagga kala ta addini ta, ko ta girki ta? In ta addini ta, a kwashe sama a aje maki da mutunci. In ta girki ta, a zuba mashi."

Ta yi murmushi. Haƙoranta da harshenta jawur.

"Hajiya, kin ci?"

"Cokali biyu. Maƙwabciya ta kawo abincin sallarta, in ƙi taɓawa? Akwai ɗan ɗaci dai, na ce ƙila haka mutanen Zuru ka so."

Nan na zube a ƙasa da goyona na fashe da kuka, ina ba da labari tun daga gwangwanin madara har gashin kaza. Hajiya ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, jan bakin nan a buɗe. Ta shiga ta gaya wa Malam, na jiyo shi daga ɗaki yana tari, irin tarin mai ɓoye dariya.

Kafin in share hawaye matan sauran gidajen sun biyo sawun langunansu, Inna ma ta iso da baƙinta. Hajiya ta ɗauko ludayi ta kwashe saman kowace langa har ƙasa da inda launin ya kai. Ta ƙasan fara tas. Aka zuba wa Malam nasa, sauran aka juye a babban tire, aka kwarara miya, aka sa hannu. Ina zaune ina kallon maƙwabtana suna cin abincina, suna tsokanata da cikakken baki. Malam ya aiko a tambaya ko akwai sauran miya. Ni dai duk bayan ɗan lokaci sai in ce, "Hajiya, cikinki lafiya?" har ta ce in na sake tambaya za ta cinye wanda aka kwashe.

Inna ta tsoma fayafaina a bokiti, ruwan ya rine, taurarina suka tafi. Ta ɗaga ɗaya ta juya shi ta ce, "Saƙar dai ba laifi." A bakin Inna wannan lambar yabo ce.

Har yau a layinmu Maman Galura ake ce mini, har mai kawo mana ruwa. Abin da na koya shi ne, in tsohuwa ta dafa abu kafin ta saƙa, ba don itace ya yi mata yawa ba ne. Kuma ko mala'ika ne ya saƙa murfin, ɗaga ki leƙa kafin ki fita da kwano.