Hayaniyar da Ta Shiga Waya

A wani gidan gona da ake ƙyanƙyasar ƙwai a bayan Zariya, akwai wani bawan Allah, Hudu, mai kula da injunan ɗumama ƙwai. Ana nan sai aka kawo musu sabuwar na'ura, 'yar akwati ce kamar rediyo, ga wasu siraran wayoyi sun fito daga cikinta sun shige injunan. Su ne ke jiyo zafi su kawo mata rahoto, ita kuma ta rubuta a kwamfuta. Wutar da ke bin wayoyin nan kuwa 'yar mitsitsiya ce, ko sauro ba za ta firgita ba. To, sai lambobin suka ƙi zama wuri ɗaya. Yanzu talatin da bakwai, kafin ka ƙifta ido arba'in da biyu, can kuma sai ashirin da tara, kamar an buga musu kalangu. Ga ƙwai dubu ashirin a ciki, ba wanda ya san ko ƙyanƙyasa ake ko dafawa.

Manajan gidan, Alhaji Barau, irin mutanen nan ne da in sun yi raɗa a ofis ake amsa musu daga bakin titi. Ya nuna Hudu da yatsa ya ce, "Nan da Alhamis in lambobin nan ba su natsu ba, ka naɗe tabarmarka."

Hudu ya kira injiniyan da ya haɗa na'urar, ya buɗe muryar wayar don Manaja ya ji da kunnensa. Injiniya ya ce, "Ba lalacewa ta yi ba. Hayaniya ce ke shiga wayoyin, ku nemo inda take fitowa." Kafin ya ƙara bayani layi ya katse.

Shi ke nan fa! Manaja ya kafa dokar hana magana. Aka ƙwace rediyon maigadi. Aka ce kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Wani zakara da ya yi cara ba da izini ba, da rana sai ga shi a cikin miya. Hudu ya san ba irin wannan hayaniyar ake nufi ba, ta wutar lantarki ce, amma mutumin da aka ba wa'adin Alhamis ina shi ina gyara wa oga fassara?

Manaja da kansa ya ɗauko kujera ya dasa a gindin na'urar. Ya cusa wata tsohuwar cajarsa mai ɗaure da ƙyalle a soket ɗaya da akwatin, inda dama ya saba jona ta tun ranar da aka kawo na'urar, ya jona wayarsa, ya zauna gadin shiru. Ko tari mutum ya yi sai ya daka tsawa, "SHIRU!" har kwanon rufi ya amsa.

Hudu dai ido ya zuba. Ranar Laraba ya lura da wani abu: da Manaja ya zare cajarsa ya tafi salla, sai lambobin su zauna lakadan a talatin da bakwai kamar ba su taɓa rawa ba. Yana dawowa ya mayar da ita, sai biki ya tashi.

Ranar Alhamis Manaja ya tara ma'aikata, duk ba takalmi. Ya ce, "Yau ko mai hayaniyar nan ya fito, ko Hudu ya fita!"

Tunda an hana magana, sai Hudu ya nufi soket ɗin. Ya taka a hankali ya zare cajar. Lambobi suka tsaya cak. Ya mayar, suka hau tsalle. Ya sake zarewa, suka natsu. Sau uku yana yi, har maigadi ya fara cizon hularsa don kada dariya ta kuɓuce masa.

Manaja ya miƙe, jijiyar wuya ta fito raɗa-raɗa. "Kai Hudu! Wato a gaban jama'a kake nuna ni ne hayaniyar gidan nan?"

Hudu ya rusuna ya ce, "Haba, ranka ya daɗe, mu ai mun saba. Ita na'urar ce baƙuwa."