Yadda Jakada Ya Nemo wa Iyalinsa Biza

Allah ya jiƙan Jakada, ya kai haske kabarinsa. Tun da ƙasa ta rufe masa ido layinmu ya zama maraya, don babu sauran mai gaya mana yadda ake rayuwa a ƙasar waje. Mutum ne da ya ga duniya. Gaskiya sau ɗaya ya gan ta, lokacin da manajan kamfanin fentin da yake yi wa tsaron sito ya kwanta ciwo, aka rasa wanda za a tura kwas ƙasar waje sai shi. Amma irin ganin da ya yi mata, wani ko a can aka haife shi bai kai shi ba.

Ba ya kiran sunan ƙasar. "Can" yake cewa, yana nuna sama da haɓa. Ruwan can ya fi jiƙa mutum. Ƙudan can ba ya sauka a abinci sai an yi masa izini. Matarsa tela ce, mai haƙuri da ƙaramin shago a bakin titi, amma tun da ya dawo ta koma Madam. Ta sha labarin can har ta iya hanyar otal ɗinsa da ka. Shekara da shekaru yana yi mata alkawarin zai kai ta ta gani da idonta, ita da 'ya'yansu mata biyu, Babba da Auta. Da ya samu hali kuwa bai tsaya wasa ba, ya ce a nemi bizar yawon buɗe ido.

Tasa bizar ta daɗe da mutuwa, shi ma sai ya sake nema. Amma ya raba takardunsa da nasu.

"Ba raini ba ne, Madam," in ji shi. "Ni tsohon matafiyi ne. In aka haɗa fayil ɗina da na 'yan koyo, nauyinku zai ja ni ƙasa."

Sai horo. Ya cire gilashin teburin falo, ya jingina shi a kan teburin guga, ya zauna a bayansa da tabarau a kan hanci, ya zama jami'in biza. Iyali suka yi layi daga ƙofar kicin.

"Sana'a?"

"Ɗinki," in ji Madam.

"An hana! Na gaba!" Ya buga murfin kofi a kan takarda. "Haba Madam, ɗinki? Ki ce shugabar kamfanin tufafi. Ku saurare ni da kyau. Mutanen can ba sa son mai ƙanƙan da kai. So suke su ga kana ƙaunar ƙasarsu fiye da taka. Ku nuna musu nan ta yi muku kaɗan. Ke kuma Auta, na sake jin kin ambaci kyanwar nan, a gida za ki zauna da ita."

Sai da aka hana Madam biza a falonta har ta daina ƙirgawa, abinci na ƙonewa a kan wuta.

Ranar ganawa Jakada ya sa kwat da laktaye, ya fesa turare har direban tasi ya sauke gilashi. A ƙofar ofishin jakadancin ya gaishe da mai gadi kamar tsohon abokin aiki. Mai gadi ya ce ya cire bel da takalmi. Ya cire, yana bayyana wa na bayansa cewa haka ake yi wa manya.

Shi aka fara kira. Wata matashiya ce a bayan gilashi, fuska ba yabo ba fallasa. Ta tambayi abin da zai kai shi.

"Kewa, 'yata," in ji Jakada, ya dafa ƙirji. "Jikina ne kawai a nan. Wancan zuwan ma da kyar suka bar ni na taho. Mai otal har hawaye ya yi."

"Aikinka fa?"

"Wannan aiki? Sunansa aiki. Mutum irina a ce yana gadin gwangwanin fenti! A can ne aka san darajar ƙwaƙwalwa."

Ta ɗago kai ta dube shi. "To me zai dawo da kai?"

Jakada ya yi dariyar manya, ya waiga don layi ya shaida. "Wallahi 'yata, tambayar da nake yi wa kaina ke nan kullum."

Ta turo masa fasfonsa ta ƙasan gilashi. Ta ce ya yi haƙuri, ba za a iya ba shi ba. Ta lasifika ta faɗa, kuma lasifikar can, kamar yadda ya sha gaya mana, ba ta da ƙarar banza. Kowa ya ji.

Ya koma benci ya zauna. Daga nan yana jin tagar da aka kira iyalinsa. Tsoro ya kwashe wa Madam horon nan kaf. Ta ce ita tela ce. Ta ce don Allah kada tafiyar ta wuce hutun makaranta, kayan mutane na jiranta a kan keke, ga mahaifiyarta ita ke kai ta asibiti. Jakada ya runtse ido. Babba ta ce tana da jarrabawa in an koma. Jakada ya kama kai. Auta kuwa ta ɗaga ƙafa ta leƙa gilashi, ta tambaya ko za a dawo da wuri, don kyanwarta ta kusa haihuwa.

Jami'in ya yi murmushi, ya riƙe fasfonsu, ya ce an ba su, su dawo su karɓa, a sauka lafiya.

Suka hau tasi. Sai da aka kusa gida Madam ta ce a hankali, "Baban yara, mu fasa. Ina za mu je ba kai?"

Nan ne fa. Ya san da gaske take, kalma ɗaya zai faɗa a fasa, girmansa ya tsira. Ya kuma san rigunan sanyi uku da ta ɗinka da hannunta tana ɓoyewa a ƙasan akwati. Mu da muka san shi, wannan wurin ne ke sa mu share ido in ana labarinsa. Ya gyara laktaye, ya yi gyaran murya.

"Wa ya ce a fasa? Dama na yi nazari, kamfani ba zai iya rashina a wannan lokaci ba. Shi ya sa na amsa mata yadda na amsa. Dabara ce. In ba a hana ɗaya ba, ba a ba uku. Ku je ku gaishe min da su."

Ranar tafiya ya raka su filin jirgi cikin kwat, yana tura musu keken kaya, yana koya musu ɗaura bel ɗin kujera da ƙarfi don jama'a su amfana. A ƙofar shiga ma'aikaci ya tare shi da hannu, ya ce masu rakiya nan ne iyakarsu. Ya tsaya yana ɗaga hannu har rigar Auta ta ɓace, sannan ya juya da keken ba komai a kai.

Wata dattijuwa da ta sauko daga jirgin can ta hango shi. Ba ta tambaya ba, ta jibga masa akwatunanta.

"Yawwa ɗan nan, Allah ya kawo ka. Mu je mota, kuma ka bi a hankali, akwai abin fashewa."

Ya tura, bawan Allah, ya tura har mota. A hanya yana ba ta shawarar yadda ake samun biza.