Kun Wanke Muryar Kawu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar ɗaukar sauti, gwanin gyara abin da bai lalace ba, tare da injiniyoyinsa masu albarka.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga manya, da fatan sanyin ofis bai yi muku yawa ba. Ni ne mai ɗan situdiyon nan na bayan shagon tela, wanda aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu da kiret ɗin ƙwai. Shekara tara ina aiki da manhajarku, ba ta taɓa saɓa mini ba.

Dalilin wasiƙar nan Kawu ne, yayan mahaifiyata, tsohon mawaƙi. Likita ya ce za a yi masa aiki a maƙogwaro, kuma daga nan shi da waƙa sai dai saurare. Kafin a shiga da shi ya yi kwana goma sha ɗaya yana zuwa ɗakina, muka ɗauki waƙoƙinsa bakwai. Yanzu magana ma sai a takarda yake yin ta. Ina cikin haɗa waƙoƙin ne saƙonku ya iso, wai sabuwar manhaja ta fito, mai sauri, mai basira. Na danna “Na yarda” ban karanta ba, kamar yadda kuka san babu mai karantawa. Ga abin da na gani, in an ba ni izini.

Na ɗaya: jan maɓallin ɗaukar murya, wanda ko ido a rufe yatsana ya san inda yake, kun mai da shi ruwan toka kun ɓoye shi a ƙarƙashin ɗigo uku. Laifin me ya yi muku, ranka ya daɗe? Ko jan launi ne ya tsufa?

Na biyu: saurin da kuka yi alkawari. Ina kunna kwamfuta in je in yi alwala, in yi salla, in dawo in tarar tana tunani. Fankarta kuwa, tela ya leƙo har sau biyu yana tambaya ko injin niƙa na sayo.

Na uku, kuma a nan zuciyata ke ƙuna. Manhajar ta tambaye ni cikin ladabi ko ina so a inganta tsofaffin ayyukana. Wane mara tarbiyya ne za a yi wa tayin alheri ya ce a'a? Ba ta ce za ta hau kan na asali ta zauna ba. Kawu idan yana waƙa yakan buga zobensa a hannun kujera, shi ne kiɗansa tun yana saurayi. Basirarku ta kira shi hayaniya ta share. Jan numfashin da yake yi kafin baiti mai nauyi, ta share. Rawar da muryarsa ke yi a ƙarshen layi, wadda ke sa manyan mutane sunkuyar da kai, ta ce kuskure ne, ta miƙar da ita sambal. Mutum mai shekara saba'in da huɗu kun mai da shi santsi kamar an goge shi da sabulu. Waye a cikinku ya taɓa zama gaban tsoho yana waƙa, har ya yanke hukuncin cewa numfashi datti ne?

Na huɗu: na nemi komawa tsohuwar manhaja, ta ce ba ta san waɗannan fayiloli ba. Na rubuta wa sashenku na taimako, suka aiko mini hoton fuska tana murmushi, suka tambayi taurari nawa zan ba su. Na san za ku ce ina kwafin ajiya. Ban yi ba, kuma kada ku wahalar da kanku, matata ta riga ku faɗa, ba sau ɗaya ba.

Jiya Kawu ya zo da kansa, ƙyalle naɗe a wuyansa, ya zauna a kujerarsa. Na rasa yadda zan fara bayani, sai kawai na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya zaro biro ya rubuta, ya miƙo mini: “Yaron nan yana da murya. Ka kawo shi in koya masa waƙa. Yanzu sa mini tawa.”

Na ce masa kwamfuta ta yi zafi, ya dawo jibi. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya, kuma kunyar ta hana ni cin abinci.

Saboda haka, ya mai basira, tunda kun fi mu sanin yadda waƙa ya kamata ta kasance, ina roƙon ku taimaka da amsa kafin gobe da hantsi: me zan kunna masa?

Naka mai biyayya, mai danna “Na yarda” a duk lokacin da aka umarce shi,

Mai situdiyon bayan shagon tela