Kulɓar Gindin Randar Hajiya Adama

"Gajiya ta bi lafiya, amaryata. Ya haƙora, har yanzu guda biyun ne?"

"Suna nan, sun fi gashin kanka yawa."

Uwaisu birkila ke nan da kakarsa Hajiya Adama, a gidanta na Limawa. Rabin buhun siminti ya ɗauko zai shafe mata gindin randa, inda kullum ƙasa ke jiƙe tsakanin duwatsun da suka tokare randar. Yana ɗaga dutsen farko sai wata aba mai sheƙi ta sulale ƙarƙashin na biyu. Ya daka tsalle ya zare takalmi.

"Tsaka! Jiya malam ya gama cewa kashe ta akwai lada."

"Ajiye takalmin nan, mijin banza! Tsaka a bango take, fara fat. Wannan kulɓa ce, ba ka ga jan gefenta ba? Rabin wa'azin ka ji, sauran ka yi gyangyaɗi."

"To ai ita ma an ce dafi gare ta."

"Damina nawa muna zaune, ba ta taɓa cizona ba. Kai kuwa kana wata bakwai ka gartsa min."

"Ta duba ne ta ga ba nama."

"Ita ke cinye min gara da kyankyasai. Kai me kake cinyewa ban da tuwona?"

"Shi ke nan, tsohuwa, zan shafe, ta nemi wani gidan."

"Wane gidan? Muna yara a Aujara, ba ka ɗaga dami ba ka ga uku sun watse ba. Nan garin namu na gindin dutse ma haka na tarar. Tun da aka ba mu jiha kuka farfashe duwatsu, kuka malale ko'ina da siminti. Ita kuwa laima take so, da busasshen ganye, da ɗan ramin ɓuya. Faɗa min gaskiya, yaushe rabonka da ganin kulɓa?"

Rabon Uwaisu da ita tun wani gini da ya yi a Buji shekara biyu baya, ita ma a bayan rumbu.

"Ta koma Buji mana."

"Kai za ka goya ta? Kai da keke ke kayarwa a miƙaƙƙiyar hanya?"

Kulɓar ta leƙo, ta yi ƙyaf-ƙyaf da ido, ta koma. Uwaisu ya tuntsire da dariya, ya durƙusa ya mayar da dutsen yadda ya same shi, har da turo masa ganyen darbejiya.

"Na haƙura, ta ci gida. Simintin kuma fa?"

"Gyara min dokin ƙofa. Abin da ya rage ka liƙe bakinka." Ta kwance bakin zane ta miƙa masa dabino uku. "Ungo ladan da ka zo nema."